Firederik Bantin, likitan da ya samo allurar ciwon sukari

Akwai wani ciwo mai kama yara, ana ce da shi ciwon sukari. Yaro ya yi ta shan ruwa, ƙishirwa ba ta barinsa. Ya yi ta fitsari dare da rana, har kiyashi su taru a wurin. Yana cin abinci, amma yana ramewa kamar karan dawa. A da, yaron da wannan ciwo ya kama, ɗan sarki ne ko ɗan talaka, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu a duniya. Mutumin da ya sauya wannan al'amari sunansa Firederik Bantin.

An haife shi ran 14 ga watan Nuwamba 1891, a wata gona kusa da garin Aliston, cikin ƙasar Kanada. Iyayensa manoma ne, shi ne autansu. Ya tashi cikin dabbobi da aikin gona, kamar kowane yaron Kurfai ko na Tondikandiya. A lakkol ba ya cikin na gaba. Rubutu yana ba shi wuya, har ya girma yana kuskuren haruffa. Da ya shiga jami'ar Toronto, ya faɗi jarrabawar shekarar farko. Amma yana da naci. A 1912 ya soma karatun likita, ya gama a 1916.

Lokacin nan ana yaƙin duniya na farko. Aka kai shi Faransa, yana yi wa sojoji magani. A watan Satumba 1918 ɓarɓashin bam ya same shi a hannu. Ya ɗaure raunin, ya ci gaba da duba waɗanda suka fi shi jin jiki. Saboda haka aka ba shi lambar yabo.

A 1920 ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a wani gari mai suna Landan, na Kanada, ba na Ingila ba. Ya yi kwana 28 ba wanda ya leƙo. A watan farko dala huɗu kawai ya samu (dalar can ce, ba tamu ta tamma biyar ba, amma duk da haka ba ta ciyar da mutum wata guda). Don ya samu na cefane, sai ya riƙa taimakawa wajen koyar da ɗalibai a jami'ar garin.

A cikin cikin mutum, bayan tumbi, akwai wani nama mai tsawo da laushi. Likitoci suna kiransa pankireyas. Tun 1889 waɗansu masana biyu suka cire wa kare wannan nama, sai karen ya kamu da ciwon sukari. Daga nan aka gane cewa akwai wani abu da naman yake zubawa cikin jini. Shi ne yake buɗe wa sukari hanya ya shiga jiki, ya zama ƙarfi. In babu shi, sukari ya taru cikin jini, ya fita ta fitsari, jiki kuma ya zauna da yunwa. Mutane da yawa sun yi ƙoƙarin tatso wannan abu su mai da shi magani, ba su dace ba.

Daren 30 ga Oktoba 1920, Bantin yana shirin darasi a kan wannan nama. Ya karanta wata mujalla ta likitoci, ya kwanta, barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe biyu na dare ya tashi, ya rubuta wata dabara cikin ɗan littafinsa: a ɗaure jijiyar da take ɗaukar ruwan narkar da abinci daga naman, a jira ya motse, sannan a tatsi abin da ya saura.

Ya kai wannan dabara wurin babban malami Makilawud a jami'ar Toronto. Malamin bai gamsu sosai ba, don ya ga saurayin bai karanci fannin da zurfi ba. Duk da haka ya ba shi ɗaki, da karnuka, da wani ɗalibi mai suna Cals Best ya taimake shi. Suka soma ran 17 ga Mayu 1921. Ɗakin ƙarami ne, ga zafi, ga wari, Bantin kuma ba a biyansa albashi. Karnuka suka yi ta mutuwa, har sai da suka riƙa sayen waɗansu a titi. Ran 30 ga Yuli suka yi wa wani kare allurar ruwan da suka tatsa. Sukarin jininsa ya sauka. Wata karya mai suna Majori ta yi kwana 70 da rai, babu naman nan a cikinta.

Daga baya suka gane cewa ba sai an ɗaure jijiya ba. Naman shanu na mayanka ma yana yi. Ashe dabarar daren nan ba daidai take duka ba, amma ita ce ta sa shi bisa hanya.

Saura a tace ruwan, don ya yi kyau ga jikin mutum. Wannan aiki wani masani ne ya yi shi, sunansa Jems Kolip. Ran 11 ga Janairu 1922 aka yi wa wani yaro allura a babbar likitar Toronto. Sunansa Liyonad Tomson, shekarunsa 14, nauyinsa wajen kilo 29. Ta farko ba ta yi amfani sosai ba, wurin ma ƙurji ya yi. Ran 23 ga watan aka sake da ruwan Kolip. Yaro ya farfaɗo, ƙarfi ya komo masa. Ya ƙara shekara 13 a duniya. Aka raɗa wa maganin suna insulin.

A watan Agusta aka kawo wata yarinya daga Amurka, Elizabet Hiyus, ɗiyar ministan harkokin waje na ƙasar. Shekara uku ana hana ta abinci, don a lokacin yunwa ce kaɗai dabarar da likitoci suka sani ta jinkirta mutuwa. Tana da shekara 14, nauyinta wajen kilo 20. Bantin ya yi mata allura, ya bar ta ta ci ta ƙoshi. Ta girma, ta yi aure, ta haifi ƴaƴa uku, ba ta rasu ba sai 1981.

Bantin mutum ne mai saurin fushi. Ya yi rigima da Kolip, ya yi gaba da Makilawud har ƙarshen ransa, kuma ba kullum ne yake da gaskiya ba. A 1923 aka ba shi kyautar Nobel tare da Makilawud. Ya husata ƙwarai da aka bar Best, sai ya raba kuɗinsa biyu ya ba shi rabi. Makilawud shi ma ya raba nasa da Kolip. A shekarar nan ce Bantin da Best da Kolip suka sayar wa jami'ar Toronto da takardar mallakar maganin, kowa ya karɓi dala ɗaya tak. Sun yi haka don kada wani ya riƙe maganin shi kaɗai, ya tsawwala wa marasa lafiya.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, ya koma aikin soja. A watan Fabrairu 1941 ya shiga jirgin sama za shi Ingila. Jirgin ya faɗi a tsibirin Niyufanlan. Ya rasu ran 21 ga watan, yana da shekara 49.

Insulin ba ya warkar da ciwon. Yaro yana bukatar allura kowace rana, duk tsawon ransa. Shi ya sa a 1974 likitocin yara na ƙasashe da dama suka kafa ƙungiya, wadda tun 1993 ake kira ISPAD. Tana rubuta ƙa'idodin kula da yara da samari masu ciwon sukari, har da na ƙasashen da kayan aiki suka yi ƙaranci. Kowace shekara kuma, ran 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Bantin, duniya tana tunawa da masu wannan ciwo.

Ciwon ba maita ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wurin wani. Yaron Damana ko na Filinge da aka ga yana yawan sha da fitsari, yana ramewa, sai a kai shi likita ba da jinkiri ba. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a auna sukarinsa. Maganin ba ya son zafi. Inda babu firijo, akan sa kwalbar cikin ƙaramin tulu, a sa tulun cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a ajiye a inuwa.