MARIGAYI TENZING NORGAY: Ɗan Dakon Da Ya Kai Ƙololuwar Dutsen Ebarest

Ranar 9 ga watan Mayu, 1986, Tenzing Norgay ya rasu a garin Darjilin na ƙasar Indiya yana da shekara 71 a duniya. Shi ne mutumin nan da shi da Edmund Hillary na ƙasar Niyu Zilan suka zama na farko da aka tabbatar sun taka ƙololuwar Ebarest, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, ranar 29 ga watan Mayu, 1953. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfin jiki da taurin rai kaɗai suka kai su can. Amma wanda ya bi tarihin Tenzing zai ga cewa sau shida yana zuwa dutsen nan yana komowa, kuma yawanci abin da ya koro shi da abokan tafiyarsa shi ne rashin dacewa da lokaci, watau ko sun yi gaggawa, ko sun makara, ko kuwa damina ta riga su.

DUTSEN DA LOKUTANSA

Ebarest yana cikin jerin duwatsun Himalaya, a kan iyakar Nepal da Tibet. Awon da gwamnatocin Nepal da Sin suka bayyana a 2020 ya nuna tsawonsa mita 8,848.86 ne daga gaɓar teku. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Duwatsun Riruwai na ƙaramar hukumar Doguwa kuwa, waɗanda mutanen kudancin Kano ke gani da girma, ba su kai mita 1,500 ba. A can ƙololuwar Ebarest iskar da mutum ke samu a numfashi ɗaya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda yake samu a ƙasa ba.

Yadda iska mai danshi ke tasowa daga teku ta kawo damina ƙasar Hausa, haka wata ke tasowa daga tekun Indiya ta isa Himalaya daga watan Yuni zuwa Satumba. Sai dai a kan dutse dusar ƙanƙara take zubarwa, ta taru tana laushi, mutum ya nutse har cinya, sa'an nan kuma ta zaftaro daga gangare ta binne duk abin da ke ƙarƙashinta. In damina ta wuce, sai wata iska mai tsananin gudu ta sararin sama ta sauko ta zauna a kan ƙololuwar tun daga kaka har bazara, gudunta kan wuce kilomita 160 a awa guda. Ranakun kirki 'yan kaɗan ne, galibi a ƙarshen watan Mayu, sa'ad da wannan iska ta kauce arewa, damina kuwa ba ta iso ba tukuna. Manomin Burumburum ko na Tudun Wada da ke auna ruwan farko kafin ya yi shuka ya san irin wannan lissafi, sai dai shi iri zai yi asara in ya kuskure, mai hawan dutse kuwa ransa.

TASHINSA

An haifi Tenzing wajen 1914. Masu tarihi sun rabu kan mahaifarsa, wasu suka ce a Tibet ne, wasu suka ce a Nepal, amma a ƙauyen Tame na yankin Kumbu ya girma cikin kabilar Sherfa, a gindin dutsen kansa. Shi ne na 11 cikin 'ya'ya 13. Mahaifinsa makiyayi ne na wani irin sa mai yawan gashi da ake kira yak, shi ma da kiwo ya buɗe ido. Bai yi makarantar boko ba, har ya rasu ba ya karatu ba ya rubutu, ko da yake yana jin harsuna da dama. Yana saurayi ya bar gida ya tafi Darjilin, inda Turawan Ingila ke ɗaukar 'yan dako in za su tafi hawan dutse.

Dako a kan Ebarest aiki ne mai cin rai. Tun ranar 7 ga watan Yuni, 1922, dusar ƙanƙara ta zaftaro ta kashe 'yan dako 7 da ke tare da George Mallory, domin sun koma hawa bayan sabuwar dusa ta zuba a farkon damina. Duk da haka talauci ya sa samari suna layi neman aikin.

DARUSSA HUƊU TA HANYAR AREWA

A 1935 Eric Shipton ya zaɓi Tenzing cikin 'yan dakonsa. Wannan ayari da gangan ya tafi cikin damina, don a ga ko dusar wannan lokaci tana takuwa. A zamanin nan ta ɓangaren Tibet ake hawa, ana bi ta wani wuri mai siffar sirdi tsakanin duwatsu biyu, wanda ake kira Sirdin Arewa. Sun kai wurin a watan Yuli, amma da suka juyo sai suka tarar wani makeken ɓangare na gangaren da suka bi ya zame ya tafi da sawunsu. Daga nan aka gane damina ba lokacin hawa ba ne.

A 1936 ya koma tare da ayarin Hugh Ruttledge. Damina ta yi sammako a shekarar, ta iso tun watan Mayu bai ƙare ba, ayarin bai wuce Sirdin Arewa ba. A 1938, a ƙarƙashin Bill Tilman, dusa ta sake riga su, amma Tenzing ya kai kaya har zango na shida, mita 8,290. Saboda wannan ne ƙungiyar masu hawan Himalaya ta ba shi lambar girma ta Damisa, wadda ake ba 'yan dakon da suka fi kowa nisa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da hawan dutse, Tenzing ya yi shekarun yaƙin a Chitral, wadda yanzu take cikin Pakistan, can kuma matarsa ta farko ta rasu. A 1947 wani Bature mai suna Earl Denman ya ɗauke shi da wani Basherfe guda, suka shiga Tibet a ɓoye ba tare da izini ba. Sun isa a watan Afrilu, iska ba ta lafa ba tukuna, tantinsu da tufafinsu kuma ba na kirki ba ne, guguwa ta koro su daga wajen mita 6,700. A wannan shekarar dai ya bi wasu mutanen Suwizalan zuwa dutsen Kedarnat na Indiya, shugaban 'yan dako ya ji rauni, aka naɗa Tenzing a madadinsa. Muƙamin ana kiransa sardar, watau kamar madugu a ayarin fatake: shi ke ɗaukar ma'aikata, ya raba kaya, ya sasanta rigima, ya kuma faɗi ranar da ta dace a tashi.

Darasi mafi ɗaci ya zo a ƙarshen 1950, lokacin da ya raka wasu samari uku 'yan Ingila zuwa dutsen Nanga Parbat a cikin hunturu. Biyu daga cikinsu suka ci gaba da hawa cikin sanyi da dusa mai zurfi, aka yi musu ganin ƙarshe a farkon watan Disamba. Tenzing yana cikin waɗanda suka bi sawunsu, ba a same su ba.

SAU BIYU A SHEKARA GUDA

Bayan sojojin Sin sun shiga Tibet a 1950 hanyar arewa ta rufe, ita kuwa Nepal ta buɗe ƙofarta ga baƙi. Hanyar kudu tana da nata haɗari. Tilas a ratsa ta inda kogin ƙanƙara na Kumbu ke gangarowa yana tsattsagewa, gingima-gingiman ƙanƙara masu tsawon bene suna faɗuwa ba sallama, musamman in rana ta ɗaga. Daga nan sai a hau fuskar dutsen Lotse mai santsi, kafin a kai Sirdin Kudu, wajen mita 7,900.

A bazarar 1952 mutanen Suwizalan suka zo a ƙarƙashin Edouard Wyss-Dunant, suka ɗauki Tenzing a matsayin sardar kuma cikakken ɗan ayari, abin da ba a taɓa yi masa ba. Shi da Raymond Lambert suka kwana a wajen mita 8,400 ba bargon kwana, ba risho, da kyandir suka narkar da 'yar dusa suka sha. Ranar 28 ga watan Mayu suka kai wajen mita 8,595, tsawon da ba a san wani ɗan Adam ya taɓa kaiwa ba. Sun dace da wata, amma na'urarsu ta shaƙar iska ba ta aiki sosai in ana tafiya, yanayi kuma ya fara ɓaci, suka juyo.

Da kaka suka sake dawowa a ƙarƙashin Gabriel Chevalley, da fatan samun sarari bayan damina. Ranar 31 ga watan Oktoba ƙanƙara ta faɗo a fuskar Lotse ta kashe wani Basherfe, Mingma Dorje, aka ɓata kwanaki ana neman sabuwar hanya. Ba su kai Sirdin Kudu ba sai ranar 19 ga watan Nuwamba, a lokacin iskar hunturu ta riga ta sauko. Daga wajen mita 8,100 suka haƙura. Tenzing ya koma gida a rame, ya kwanta rashin lafiya.

TAFIYA TA BAKWAI

Da Kanar John Hunt ya shirya ayarin Ingila na 1953, ya gina shirinsa a kan abin da aka koya daga waɗannan tafiye-tafiye, kuma ba wanda ya san hanyar kudu kamar Tenzing. Ayarin ya bar Katmandu ranar 10 ga watan Maris da 'yan dako wajen 350, don a sami lokacin sabawa da ƙarancin iska, a kuma gama kai kaya sama kafin tsakiyar Mayu. A watan Afrilu Hillary ya afka cikin wata tsagar ƙanƙara, Tenzing da ke ɗaure da shi a igiya ɗaya ya kafa gatarinsa ya tare shi. Daga ranar amana ta shiga tsakaninsu.

Aikin sare matakai a fuskar Lotse ya ci kwanaki fiye da yadda aka tsara, har aka fara tsoron damina. Ranar 22 ga watan Mayu Tenzing da Hillary suka shige gaban 'yan dako suka kai kaya Sirdin Kudu. Ranar 26 ga wata Tom Bourdillon da Charles Evans suka kai ƙaramar ƙololuwa ta kudu, mita 8,750, suka juyo saboda gajiya da matsalar na'ura. Ranar 27 iska ta hana hawa sama. Ranar 28 ta lafa, aka raka Tenzing da Hillary suka kafa tanti a wajen mita 8,500.

Da ƙarfe 6.30 na safiyar 29 ga wata suka tashi. A ƙarƙashin ƙaramar ƙololuwa suka tarar da dusa mai ɓawo a sama, gari a ciki, irin wadda ke iya zamewa da mutum gaba ɗaya. Suka yi shawara, suka ci gaba a hankali. Da ƙarfe 9 suka kai ƙaramar ƙololuwa, daga nan kuwa dusar ta yi tauri, tana karɓar sara. Suka haye wani tsayayyen dutse mai tsawon mita 12, wanda daga baya aka sa masa sunan Hillary. Da ƙarfe 11.30 suka tsaya inda babu sauran hawa. Minti 15 kawai suka yi. Tenzing ya ɗaga gatarinsa mai ɗauke da tutocin Majalisar Ɗinkin Duniya da Ingila da Nepal da Indiya, ya binne alewa da wani ɗan fensir da 'yarsa ta ba shi, bisa al'adar addininsa na Buda. A wuyansa akwai jan mayafin da Lambert ya ba shi.

BAYAN NASARA

Labarin ya bazu a Landan ranar 2 ga watan Yuni, ranar bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Nan da nan siyasa ta shigo: Nepal da Indiya kowacce tana cewa ɗanta ne, wasu kuma suka matsa masa ya ce shi ya riga Baturen kaiwa. A littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1955 ya bayyana cewa Hillary ne ya fara taka wurin, shi yana biye da shi a igiya ɗaya, bai kuma ga abin kunya a ciki ba. Ingila ta ba Hunt da Hillary muƙamin Sir, shi kuwa aka ba shi lambar George, bambancin da har yau ake magana a kansa. Indiya ta ba shi lambar Padma Bhushan a 1959.

A 1954, da goyon bayan Firayim Minista Jawaharlal Nehru, aka buɗe makarantar koyar da hawan dutse a Darjilin, aka sa Tenzing shugaban horaswa a fili. Ya yi fiye da shekara 20 yana koya wa samari da 'yan mata yadda ake gane dusa mai aminci da mai ha'inci, da lokacin da ya kamata mutum ya juyo. Da yake bai san ranar haihuwarsa ba, sai ya ɗauki 29 ga watan Mayu ta zama ita ce. Ɗansa Jamling ya kai ƙololuwar a 1996, a 2008 kuma aka sa wa filin jirgin saman Lukla, inda masu zuwa Ebarest ke sauka, sunan Tenzing da Hillary.

Daga baya an sami waɗanda suka hau dutsen a wasu lokuta. 'Yan ƙasar Polan biyu sun kai ƙololuwar cikin hunturu a watan Fabrairu, 1980, Reinhold Messner kuma ya hau shi kaɗai cikin damina a watan Agusta na shekarar. Amma waɗannan ɗaiɗaiku ne. Har yanzu mafi yawan masu kaiwa a watan Mayu suke kaiwa, kuma har yanzu Sherfawa ne ke gaba wajen ɗaura igiya da kai kaya, su ne kuma ke fara gamuwa da haɗari. Ranar 18 ga watan Afrilu, 2014, ƙanƙara ta zaftaro a mashigar Kumbu ta kashe ma'aikata 16 'yan Nepal a safiya guda, a hanyar da Tenzing ya ratsa sau da dama.

Hausawa na cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse. Daga ranar da Shipton ya ɗauke shi dako zuwa ranar da ya tsaya a ƙololuwa, Tenzing ya yi shekara 18 yana koyon halin dutse guda, kuma sau shida ya yarda ya juyo da ransa, har ranar da iska da dusa suka ba da hanya.