Tom Wills: Gwarzon wasanni da Ostireliya ta rasa inda za ta ajiye shi

A wajen babban filin kurket na birnin Melbourne akwai mutum-mutumin Tom Wills, wanda ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin iyayen ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya. Sai dai tarihinsa bai tsaya a filin wasa ba.

An haifi Wills a 1835, lokacin da Ostireliya ke rarrabe zuwa yankunan mulkin mallakar Birtaniya. Kakansa fursuna ne da aka koro daga Ingila, amma mahaifinsa, Horatio, ya zama mai garken tumaki da faɗin ƙasa, har ya shiga majalisar dokokin Victoria. Tom ya taso a gonar cikin 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Djab Wurrung, ya kuma iya harshensu.

Yana ɗan shekara 14 aka tura shi makarantar Rugby a Ingila. Karatu bai karɓe shi ba, kurket ce ta karɓe shi. Ya dawo a 1856, ya zama kyaftin ɗin Victoria a karawarta da New South Wales, wasan da a lokacin ya fi kama da gasar nuna isa tsakanin yankuna biyu masu kishi da juna.

A watan Yulin 1858 ya rubuta wa wata jarida wasiƙa yana neman a kafa kulob ɗin ƙwallo don kada 'yan kurket su yi sanyin jiki da hunturu. A Mayun 1859 shi da wasu mutum uku suka rubuta dokokin farko na wasan.

Al'amura sun juya a 1861. Mahaifinsa ya kai shi Queensland don kafa sabuwar gona a Cullin-la-ringo, a ƙasar da ke da masu ita. Ranar 17 ga Oktoba, 'yan asalin yankin suka kashe mutum 19 a sansanin, har da Horatio. Tom ya tsira ne saboda an aike shi ɗauko kaya. Ramuwar da Turawa da 'yan sanda suka yi ta fi wannan muni nesa ba kusa ba. A 2021 an gano wani tsohon rahoton jaridar Amurka mara sunan marubuci da ke zargin yana cikin masu ramuwar, kuma masana na ta muhawara a kai.

Abin mamaki, shekara biyar bayan kisan, shi ne ya horar da tawagar kurket ta 'yan asalin ƙasar, ya jagorance su a Melbourne a Disambar 1866. Da tawagar ta tafi Ingila a 1868, ba da shi aka je ba.

Daga nan giya ta ci ƙarfinsa, bashi ya yi masa katutu, manyan kulob suka juya masa baya. Ya kashe kansa ranar 2 ga Mayun 1880 yana da shekara 44. Kabarinsa ya shekara ɗari babu ko alama, sai a 1980 kulob ɗin kurket na Melbourne ya kafa masa dutse.