Likita Mila na Zariya (1872–1952)

An haifi Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila, a Ingila cikin shekara ta 1872. Sa'ad da ya gama koyon likitanci, sai ya tafi Tarabulus domin ya koyi Hausa. A 1900 ya taso daga Ikko tare da Bishop Tugwell, suka kai Kano, amma Sarki Aliyu ya hana su zama. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, yana jiyyar marasa lafiya, yana koyar da yara. Shi ne ya ɗauki babban rabo na aikin juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka kuwa buga shi dukansa a 1932.

Mila bai yi aure ba har ya rasu a Bukuru a 1952. A ƙasarmu akan yi wa tuzuru ba'a, amma gidan mutumin nan bai rasa 'ya'ya ba, gama samari da yawa sun tashi a hannunsa, suka zama malamai da ma'aikata. Aure baiwa ce daga Allah; zama ba aure kuma baiwa ce ga wanda aka ba shi.

Karatu: Matta 19:10-12, 1 Korintiyawa 7:7, 32-35.

Tambaya: Yaya muke riƙon marasa aure cikin ikilisiyarmu?