Dakta Joseph Goldberger: Ɗan Mai Kantin Da Ya Gano Illar Cin Hatsi Zalla

Akwai wata cuta da likitoci ke kira felagira, wadda kan sa fatar wuya da bayan hannu da duk inda rana ke duka ta yi baƙi ta yi kaushi, sai gudawa ta biyo baya, daga nan hankali ya rikice, in ba a yi magani ba sai mutuwa. Mutumin da ya tabbatar wa duniya cewa rashin abinci mai gina jiki ne ke kawo ta shi ne Dakta Joseph Goldberger.

An haife shi a ranar 16 ga Yuli, 1874, a wani ƙauye na ƙasar Hungari. Yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa birnin New York na Amurka, inda mahaifinsa ya buɗe kantin kayan masarufi. Ya kammala karatun likita a Kwalejin Asibitin Bellevue a 1895, kuma a 1899 ya shiga hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka. A bakin wannan aiki ya kamu da cutar shawara da wasu miyagun zazzaɓi guda biyu, amma ya tashi.

A 1914 aka tura shi kudancin Amurka, inda felagira ke ta kashe talakawa masu noman auduga, waɗanda cimarsu ba ta wuce garin masara da kitse da ruwan rake ba. A wancan lokaci yawancin likitoci sun ɗauka ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa. Da ya zagaya gidajen marayu da asibitocin masu taɓin hankali, sai ya lura cewa mazauna ciki ne kaɗai ke kamuwa, ma'aikatan da ke cuɗanya da su dare da rana kuwa lafiyarsu ƙalau. Bambancin yana cikin kwano. Ya sa aka ƙara wa marayu a garin Jackson na jihar Misisifi madara da ƙwai da nama da wake, sai cutar ta kau.

Duk da haka ba a yarda da shi ba. A 1915 ya gwada wa fursunoni 11, waɗanda gwamnan jihar ya yi wa alƙawarin afuwa, cimar da masara ta rinjaya a cikinta, kuma bayan wata biyar shida daga cikinsu suka kamu. A 1916 shi da abokan aikinsa da matarsa Mary suka yarda aka yi musu allurar jinin marasa lafiya, amma ba wanda ya kamu.

Binciken da ya yi a ƙauyukan masaƙu na jihar Karolina ta Kudu ya nuna cewa gidan da samunsa ya fi ƙanƙanta shi cutar ta fi kamawa. Wannan magana ta ɓata wa manyan yankin rai. Tun da talaka ba ya iya sayen nama da madara, sai ya shiga neman abu mai araha, har ya gano cewa busasshen yis na hana cutar. Lokacin ambaliyar kogin Misisifi ta 1927, ƙungiyar Red Cross ta raba wannan yis ga waɗanda ruwa ya kora, bisa shawararsa.

Ya rasu a ranar 17 ga Janairu, 1929, sakamakon ciwon dajin ƙoda, bai kai ga sanin sunan sinadarin ba. Sai a 1937 Conrad Elvehjem ya gano cewa nayasin ne, wato bitamin B3. Masara na ɗauke da shi, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya amfana da mafi yawansa.

Mai karatu, wannan cuta ba ta ƙare ba. A 1990 'yan gudun hijirar Mozambik fiye da 18,000 ne suka kamu da ita a ƙasar Malawi bayan da aka katse musu rabon gyaɗa, aka bar su da masara. Da gyaɗa da ƙwayoyin bitamin B aka shawo kanta. A Indiya ma an gan ta a wurin masu cin dawa zalla.

Wannan ya shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye, domin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, ya kuma yi wa Kasuwar Umdurman mummunar ɓarna. Iyalin da ba su da komai sai kisira ko tuwon masara safe da yamma suna cikin haɗari. Duk mai aika wa dangi buhun hatsi, ko mai fitar da sadaka, ya haɗa da gyaɗa da wake da busasshen kifi. Inda waɗannan suka gagara na tsawon watanni, ƙwayar bitamin B kan toshe giɓin, bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Wanda kuma fatar wuyansa ko ta hannunsa ta fara baƙi tare da gudawa, a gaggauta kai shi asibiti, domin cutar na jin magani in an tare ta da wuri.