Harry Truman da yaƙin da ya sha kaye a cikinsa

Idan aka ambaci Harry Truman, abin da ke faɗo wa mai karatu a rai shi ne bama-baman nukiliya da ya ba da umarnin jefa wa Hiroshima da Nagasaki a 1945. Amma akwai wani yaƙi da ya yi a cikin gida, wanda ba a cika tunawa da shi ba, watakila domin kaye ya sha.

An haife shi a garin Lamar na jihar Missouri a 1884. Bai yi digiri ba. Ya yi noma, ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya buɗe kantin tufafi wanda ya karye a 1922, sannan ya tsunduma siyasa. Rasuwar Shugaba Roosevelt a watan Afrilun 1945 ce ta ɗora shi bisa karagar mulkin Amurka.

A watan Nuwamba na wannan shekara ya aike wa majalisar dokoki buƙatar a kafa inshorar lafiya ta ƙasa, ma'aikata su riƙa zuba wani kaso na albashinsu, a biya kuɗin magani daga asusun. Hujjarsa mai ƙarfi ce: kimanin matasa miliyan 5 aka ƙi ɗauka aikin soja lokacin yaƙi saboda rashin ƙoshin lafiya.

Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi tsalle ta dire. Bayan Truman ya lashe zaɓen 1948, sai ta ɗora wa kowane mamba harajin dala 25, ta ɗauko kamfanin farfaganda na Whitaker da Baxter. A nan ne mai nazarin harshe zai tsaya ya yi kallo. Maimakon su tsaya musu a kan alƙaluma, sai suka laƙaba wa shirin sunan kiwon lafiya irin na gurguzu, a daidai lokacin da jin kalmar gurguzu kaɗai ke sa hantar Ba'amurke kaɗawa. Shirin bai ce gwamnati ta mallake asibitoci ko ta mayar da likitoci ma'aikatanta ba, kamar yadda Ingila ta karɓe asibitocinta a 1948, amma sunan ya riga ya bi shi. Su kuma 'yan jam'iyyarsa na jihohin kudu suna fargabar kuɗin tarayya zai tilasta musu haɗa baƙar fata da farar fata a ɗakin jinya guda. Ƙudirin ya mace a majalisa, Truman ya sauka a 1953 hannu rabbana.

Ranar 30 ga Yulin 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya yi tattaki har garin Independence, inda tsohon ya yi ritaya, ya rattaba hannu kan dokar Medicare a gabansa. Dokar ta tsaya ne a kan masu shekaru 65 zuwa sama, wato guntun abin da ya nema shekaru 20 baya. Shi aka yi wa rajistar farko, yana da shekaru 81, matarsa Bess kuma ta biyu. Ya rasu ranar 26 ga Disambar 1972.