Ardeshir Irani, Mutumin Da Ya Ba Fim Ɗin Indiya Baki

Mu 'yan zango mun tashi mun tarar da iyayenmu suna rera waƙoƙin finafinan Indiya, ko da ba su jin yaren. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka san wanda ya fara sa waƙa a bakin jaruman nan. Sunansa Ardeshir Irani.

An haife shi a garin Pune na ƙasar Indiya a shekarar 1886, asalin danginsa kuwa daga Iran suke. Ya fara da harkar nuna finafinai, daga baya a 1926 ya kafa kamfanin Imperial a birnin Bombai, wanda yanzu ake kira Mumbai. A lokacin nan finafinan Indiya duk bebaye ne, sai dai a ga baki yana motsi.

Da labarin finafinai masu magana ya iso daga Amurka, sai Irani ya ɗaura ɗamara. Aikin bai zo da sauƙi ba. Wurin ɗaukar yana kusa da layin dogo, don haka sai dare ya raba, jiragen ƙasa sun daina wucewa, sannan a soma aiki. Ranar 14 ga Maris, 1931 aka haska Alam Ara a sinimar Majestic, wato fim na farko mai magana a Indiya, mai ɗauke da waƙoƙi 7. Jama'a suka yi cincirindo har sai da aka kira 'yan sanda.

Daga nan kamfanoni suka shiga gasa, waƙa ta zama gishirin fim. Shi ma bai tsaya ba: a 1933 ya fitar da fim mai magana na farko da harshen Farisanci, a 1937 kuma Kisan Kanya, mai kala na farko da aka haɗa a cikin Indiya. Wannan salo ne ya kai ga finafinan Hausa na Kano da muke kallo. Ya rasu a 1969.

Abin takaici, yau babu kwafin Alam Ara ko guda, sai 'yan hotuna. Idan fim mai wannan suna zai salwanta, ina ga kasakasan bukukuwanmu da muryoyin dattawanmu da ke jibge a akwatuna? Matasa, mu tattara su mu adana tun suna hannunmu. Allah Ya sa mu dace.