Yoshiko Tanaka: Tauraruwar da ta ajiye makirufo tana tsakiyar tashe

Tun kafin a san AKB48, 'yan mata uku ne ke rikita matasan Japan: Ran, Sue da Miki, wato ƙungiyar Candies. Sue ɗin nan ita ce Yoshiko Tanaka, wadda aka haifa a Tokyo a 1956.

Da suka fara sakin waƙa a 1973, ita ke tsakiya tana jan baki, amma kasuwa ta ƙi buɗewa. A 1975 aka matsar da ita gefe, aka sa Ran, sai ga waƙarsu ta karɓu. Ka ji fa! Duk da haka ba ta yi zuciya ta fice ba.

A 1977, suna ganiyar tashe, suka sanar da cewa za su watse, su koma rayuwa irin ta kowa. Mutum wajen 55,000 ne suka halarci wasan bankwanarsu a filin Korakuen ranar 4 ga Afrilu, 1978.

Daga baya ta koma fim. Rawar da ta taka a Kuroi Ame na 1989, kan waɗanda bam ɗin Hiroshima ya shafa, ta jawo mata kyautar gwarzuwar jaruma a Japan. Kansar mama ce ajalinta a 2011, bayan kusan shekara 19 tana jinya a ɓoye.

Masu ƙirga mabiya kullum, in tashe ya wuce, me za ku kama?